Ɗantala da Na'urar Lissafin Mushe Is'haƙa

Duk wanda ya taɓa kai waya ko rediyo gyara shagon Ɗantala, nan bayan tashar Dogon Dutsi, da abu biyu yake komawa gida: kayansa, wani lokacin ma a gyare, da labarin yadda aka yi wa ƙasar Nijar asarar injiniya. Injiniyan kuwa ba wani ba ne, Ɗantala ne da kansa.

Ga yadda labarin yake. A shekararsa ta biyu a kolej, malamin lissafi, Mushe Is'haƙa, wato Malam Is'haƙa a bakin 'yan bokon Faransanci, yana da wata na'urar lissafi da wani Bature mai haƙar rijiyoyin burtsatse ya bar masa. Irin ta da can ce, mai jajayen lambobi, wadda ake koya wa aiki sau ɗaya ta riƙe ta yi ta maimaitawa. Da ita Mushe yake fitar da muwayen ɗin kowa, wato matsakaicin makin ƙarshen shekara. Mai goma cikin ashirin ya wuce. Mai takwas da rabi zuwa sama ya maimaita aji. Wanda ya gaza haka an kore shi. Ɗantala aka rubuta masa 8,57 aka ce ya maimaita. Shi ko ya ce ba zai zauna benci ɗaya da ƙannensa ba, ya naɗe takardar sakamakonsa ya fice, bai sake taka makarantar ba.

"Mushe bai iya latsa abin ba," haka yake gaya wa kowa. "Bature ya ba shi, bai tsaya ya koya mai ba. Ni na yi lissahina da kaina, sha huɗu nis samu."

Matarsa Ma'u, wadda ta shekara ashirin da biyu tana sauraro, ta ce lokacin aurensu sha ɗaya ne. Makin yana ƙaruwa ne a hankali, shekara da shekaru, ba tare da an sake wata jarrabawa ba.

To, ana nan wata la'asar, Rufa'i ya zo wurin shan shayinsu na ƙofar shagon. Ajinsu ɗaya da Ɗantala a da, shi ya wuce, yanzu yana aiki a ofishin magajin gari. Ya ce tsofaffin ɗalibai sun shirya karrama Mushe Is'haƙa nan da mako shida. Za a ɗauko shi daga Kore Mairuwa inda yake zaune tun da ya bar aiki, idonsa ma ya yi rauni. Kowa ya zo da 'yar kyautarsa.

"Kalkilatiris ɗin ga hwa?" in ji Ɗantala, yana nufin na'urar Mushe.

"Ta mutu tun kahin a haihi ɗiyanka."

Ɗantala ya ajiye kofin shayi ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi sai in maganar ta fi ƙarfin zama. Ya ce ai ya gani a waya, akwai masu sha'awar tsofaffin kaya da suke sake ƙera irin waɗannan na'urori da hannunsu. Ɗan allo ne mai ƙwaƙwalwa ake saye, a ɗura masa ainihin tsarin ta dā, sauran aikin maɓallai ne da darma. Shi zai ƙera ta. Zai kai ta gaban Mushe da jama'a, a karanto makinsa, ya latsa yadda ya kamata, kowa ya ga abin da aka yi masa.

"Injiniya," in ji Rufa'i, "ga waya hannunka. Kawo takardar mu lissaha yanzu, kahin shayi na biyu shi nuna."

"Waya tana nan sa'ad da anka yanke man hukunci? Alƙalin da yay yanke, shi za shi warware."

Aka bar shi.

Washegari ya tafi wurin Mani kafinta a yi masa gidan na'urar. Nan aka fara samun saɓani. Sau ɗaya tak Ɗantala ya taɓa ganin na'urar a kusa, ranar da Mushe ya sa shi durƙuso a gefen tebur, hancinsa daidai bakin katakon, ita kuma tana tsaye a gabansa an jingina ta da littattafai. A idon yaron da ke jiran bulala, ta cika duniya. Da wannan awon ya zo.

"Tsawo har ƙirjina, hwaɗi kamu uku," in ji shi.

Mani ya karɓi wayar ya dubi hoton, ya dubi Ɗantala. "Abin ga da kan nuna man, ai awa tahin hannu shike."

"Hoto na, Mani. Raƙumi ma cikin waya tahin hannu na."

"Ga aljihu nan kusa da ita cikin hoton."

"Kai kag gan ta ko ni?"

Mani mutum ne da ba ya musu da mai biyan aiki. Ya yanka katako, ya huda ramuka talatin da biyar, kowanne hannun yaro zai shiga.

Ramuka irin waɗannan ba maɓallan rediyo ne za su cika su ba. Ɗantala ya bi masu gyaran babur ya tsince duk wani maɓallin oda da ke garin, ya sami goma sha tara. Ya haɗa da na ƙararrawar ƙofa da makunnin fitila. Da aka rasa huɗu, ya jira Ma'u ta tafi suna, ya kwance na fankarta. A watan Afrilu ne, zafin da kaji ma suke buɗe baki. Ta dawo ta tarar da wayoyi huɗu suna leƙe inda maɓallai suke.

"Baban Husna, ƙaƙa za ni tada ta?"

"Ki haɗa ja da baƙi. In kina son iska da yawa, ja da shuɗi."

"In ina son in kwana da raina hwa?"

"Ki yi haƙuri, Ma'u. Tarihi muka gyara."

Ta ce tarihin da ba ya fifita ba ta ga amfaninsa ba, ta ɗauko maficinta.

Jajayen lambobin kuwa daga allon wani gidan mai da ya rufe a hanyar Ƙonni ya samo su, kowace lamba taƙi guda. Allon ƙwaƙwalwar ya iso daga Yamai a motar fasinja. Da ya buɗe kwalin ya ga bai fi kwalin ashana biyu ba, zuciyarsa ta ɗan raya masa cewa ƙila Mani yana da gaskiya. Bai bari ta ƙarasa maganar ba. Ya manna ɗan abin a tsakiyar ƙaton akwatin, ya ja wayoyi ta ko'ina.

Yana cikin bin zanen ne ya gano babban abu. Ya ƙirga maɓallai, ya sake ƙirgawa, babu na egal, 'yan sandunan nan biyu da ake latsawa amsa ta fito. Ya fito ƙofar shago yana murmushin wanda ya kama ɓarawo da hannu.

"Turawa sun mance egal," ya gaya wa 'yan shayi. "Kun ga inda Mushe yab ɓata. Abu ba egal, ƙaƙa za shi ba da amsa ta gaskiya?"

Ya sa Mani ya ƙara rami na talatin da shida, ya fi duka girma, ya shafa wa maɓallin koren fenti. Da yake zanen bai nuna inda za a kai wayarsa ba, sai ya duba inda ya ga fili a jikin allon ya ɗiga darma. Ya gayyaci unguwa gwaji. Ya yi bisimilla, ya latsa biyu, lambar ta haska ja wur, mutane suka yi salati. Ya latsa haɗawa, ya latsa biyu, ya waiwayo ya dubi Rufa'i, sannan ya danna koren da tafin hannu. Wani siririn hayaƙi ya fito ta ramin bakwai. Warin ya kai har rumfar mai nama, wanda ya aiko a tambaya ko wani ne yake ƙona taya.

"Amsar kenan?" in ji Rufa'i.

"Dumama taka yi."

Sai da aka sake aiko wani allon daga Yamai, kwana tara suka tafi a jira. Wannan karon Ɗantala ya bar koren maɓallin a wurinsa, amma bai haɗa masa waya ba, ya ce ko ba komai yana ƙara wa abin kwarjini. Aka sake taruwa. Biyu a haɗa da biyu, na'ura ta ce biyu. Bakwai a haɗa da biyar, ta ce biyar.

"Abin da kaf faɗa mata na ƙarshe shi taka maida ma," in ji Mani. "Na taɓa aiki da wani yaron shago hakanan."

"Ba ta amsa tambayar raini," in ji Ɗantala. "Wagga ta manyan lissahi ta. Ku bari ranar."

A fuska haka ya ce, amma shi ma bai gano kanta ba. Saura kwana huɗu. Bayanin yadda ake aiki da na'urar da Ingilishi yake, shi da Ingilishi kuwa tun a kolej ba su ga maciji. Ma'u ta same shi da rana tsaka ya tasa akwatin a gaba, abinci ya huce. Ta ce ya sayi darduma mai kyau ya kai wa tsoho, a rabu lafiya. Ya ce ya riga ya gaya wa gari, har direbobin Gesheme sun ce za su zo kallo. Ta dube shi, ta ga ba girman kai kaɗai ba ne. Mutumin nan da gaske shekara talatin da 'yan kai yana son wani ya ce masa ba daƙiƙi ba ne. Sai ta dumama masa abincin.

Ranar Juma'a ya ga batirin yana tartsatsi a bakin maƙalinsa, sai ya narka darma ya liƙe wayoyin kai tsaye, ya sa Mani ya rufe bayan akwatin da ƙusoshi da gam don kada ƙura ta shiga. Ranar Asabar da safe aka gano akwatin, wanda a cikin shago aka harhaɗa shi, ya fi ƙofar faɗi da yatsa uku. Aka cire ƙyaure, bai isa ba, aka cire katakon ƙofar gaba ɗaya. Aka ɗora na'ura a amalanken jaki, Ɗantala yana biye cikin farar babbar riga, yana tsawata wa jakin duk inda aka yi gargada. Mutanen kasuwa wasu suka ce firji ne, wasu suka ce akwatin zaɓe ne na zamani.

A farfajiyar makarantar an kafa rumfa ƙarƙashin itatuwa. Mushe Is'haƙa yana zaune a kujerar gaba, ya rame, tabaransa kauri kamar gindin kwalba, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Aka yi jawabai, aka miƙa riguna da darduma har uku. Sannan majiya ƙarfi huɗu suka sauke kyautar Ɗantala suka jingina ta da itace, inuwarta ta rufe tsohon.

"Wane na?" in ji Mushe.

"Ɗantala na, Mushe. Ɗan mai ƙosai ta bakin ƙohwa."

"Af, mai gudu. Kana lahiya, ɗana?"

Ɗantala ya karɓi lasifika. Ya ce shi ba ya riƙe kowa a zuci, kuskure na ɗan Adam ne, balle mutum da aka ba na'ura ba a koya masa ba. Ya zaro takardar sakamakon daga cikin leda uku, ta yi ja don tsufa, ya miƙa wa Rufa'i ya karanta. Kafin nan, ya ce, bari ya ɗan motsa na'urar. Ya latsa takwas, haɗawa, shida, ya danna kore. Ta ce shida. Ya sake da ƙarfi. Ta ce sittin da shida. Dariya ta fara daga wajen direbobin Gesheme ta bazu.

Mushe ya dogara sandarsa ya miƙe. Rufa'i ya kama hannunsa ya kai shi. Tsohon ya shafa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi, har ya zo kan koren.

"Wanga mi na?"

"Egal, Mushe. Sun mance, ni niƙ ƙara."

"Ba su mance ba. Ita ba a ce mata biyu a haɗa da biyu. Sai ka ba ta biyu, ka ajiye da wanga dogon, ka ba ta biyu, sannan ka ce haɗa."

Ya latsa. Ƙatuwar lamba huɗu ta haska. Aka ɗauki tafi, Ɗantala ya juya ya rusuna wa jama'a sau biyu, ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan.

Fuskar tsohon kuwa ta sauya. Ya ce a matsa masa. Tsarin fitar da muwayen da ya koya wa tasa na'urar shekaru aru-aru yana nan a yatsunsa, ya shiga ɗura wa wannan, mataki-mataki. Sai dai tasa da yatsa ɗaya yake sarrafa ta, wannan sai ya yi taku biyu hagu, taku biyu dama, na sama kuma da kan sanda yake zungurinsu. Da ya gama ya share gumi ya ce a karanto.

Rufa'i ya gyara murya a lasifika. "Lissahi, uku cikin ashirin, nauyi uku."

"Nauyi kuma na mi?" in ji Ɗantala.

"Kowafisiyan, Injiniya. Kowane darasi da nauyinai. Lissahi sau uku aka ƙirga shi. Ran da anka koya shi kana hili kana gudu."

Aka ci gaba. Faransanci shida, nauyi huɗu. Kimiyya biyar, tarihi bakwai, Ingilishi huɗu, kowanne nauyi biyu. Duk makin da aka faɗa sai wani a baya ya ce "Allah Sarki". Da aka zo wasanni sha takwas da zane sha bakwai, Ɗantala ya ɗaga hannu sama yana juyawa don kowa ya ji, har Rufa'i ya ƙara da cewa nauyinsu ɗaya-ɗaya ne. Mushe ya zunguri maɓalli na ƙarshe. Lambobin suka yi ƙyafta-ƙyafta, sannan suka tsaya.

6,67.

Da a ce girman tafin hannu aka yi ta, da mutum uku ne za su gani. Wannan har masu wucewa a titi sun karanta ta kan katanga. Ɗantala ya yi tsalle zai kashe, ya laluba gefe, ya laluba ƙasa, sai a lokacin ya tuna makunnin da ya tanada shi ne ya mayar maɓallin lamba tara. Ya zaga baya, ƙusoshin Mani sun shige har kai. Ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓa mata, jan hasken ya ratso farin yadin, ya ma fi fitowa. Mani ya kwanta a kan benci yana riƙe da ciki.

Rufa'i ne ya tsayar da dariyar, ba da niyya ba. Ya ɗaga takardar ya ce, "Mushe, nan 8,57 anka rubuta. Da hannunka."

Tsohon ya koma kujerarsa ya zauna a hankali.

"Na sani. Ran nan ma shidda da 'yan kai tab ba ni. Sau uku nis sake, ba ta canza ba. Kora kenan. Sai nic cire nauyin duka, niƙ ƙirga gudunai daidai da lissahi, don shi kai takwas da rabi shi samu wata shekara. Yaron da ka kwance agogon aji shi maida shi shina tahiya, ban so a kore shi ba." Ya juya wajen da yake jin numfashin Ɗantala. "Na aje ma benci na gaba, kusa da taga. Har hutun Disamba ban bari kowa ya zauna ba."

Ɗantala yana tsaye daga shi sai 'yar shara, kunya ta rufe shi.

"Abin ga kau daidai yal lissaha, har bayan waƙahi," in ji Mushe. "Wa yat taya ka haɗa wayoyin?"

"Ba kowa, Mushe."

"To ka gani. Da ka dawo."

Ɗantala ya sa bayan hannu ya goge ido, ya ce hayaƙin darma ne ya ɓata masa su kwanan nan. Ya ja numfashi, ya karɓe lasifikar daga hannun Rufa'i.

"Jama'a, ku shaida. Shekara talatin ina hwaɗa muku lambar da ac cikin takardar ga ba daidai ta ba. Yau ga shi na'urata ta tabbatar."

Farfajiyar ta fashe da dariya, har Mushe sai da ya cire tabarau. Aka fara rabon abinci, jama'a suka watse wajen tukwane. Ma'u ta zubo masa nasa ta zo nemansa, ta hango shi durƙushe a gaban na'urar, ya jawo kujerar tsohon kusa, yana magana ƙasa-ƙasa don kada Rufa'i ya ji.

"Mushe, sake man daga hwarko. In ba ta biyu, in ajiye, in ba ta biyu. Sannan mi?"

"Sannan ka ce haɗa," in ji Mushe Is'haƙa. "Kuma ka ɗauke hannunka daga koren nan."